Satar Amsa Ba Jin Ƙai Ba Ce: Magana Ga Iyayen 'Yan Aji Shida A Batsari Da Safana



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya 'ya'ya su zama amana a wuyan iyayensu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa masu ziyartar wannan shafi, yau ina so in taɓo wata magana wadda na san ba za ta yi wa wasu daga cikin iyayenmu da malamanmu daɗi ba. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganar kuwa ita ce ta jarrabawar da yara 'yan aji shida na firamare suke rubutawa domin shiga sakandare, wadda aka fi sani da kwaman entirans, da kuma wata mummunar al'ada da ta yi mata rassa a garuruwanmu, wato haɗa kuɗi a ba masu sa ido domin a karanta wa yara amsa. An raɗa wa wannan al'ada suna mai daɗi, ana ce mata “taimako”. Ni kuwa na ce sunanta na gaskiya algush, kuma zan kawo hujjojina, wanda yake da wadda ta fi su ya kawo.

Mece ce wannan jarrabawa?

Ya kamata mu fara sanin abin da muke magana a kansa. Jarrabawar ta ƙasa baki ɗaya hukumar NECO ce take shirya ta, hukumar da aka kafa a 1999 a ƙarshen mulkin Janar Abdulsalami Abubakar, mai hedkwata a Minna. Da ita ake zaɓen yaran da za su shiga kwalejojin haɗin kai na gwamnatin tarayya, waɗanda adadinsu ya haura 100 a faɗin Nijeriya. Jihar Katsina tana da kwalejin tarayya ta Daura, da ta 'yan mata da ke Bakori, da ta kimiyya da fasaha da ke Dayi. Ana tambayar yaro lissafi, da Turanci, da kimiyya, da sanin zamantakewa, sannan a gwada kaifin basirarsa a kan lambobi da kalmomi. Duk da Turanci ake yin tambayoyin, yaro kuma ya zaɓi amsa ya cike gurbinta da fensir. Ban da wannan, akwai gwaje-gwajen da jiha take yi domin rarraba yara a makarantunta, musamman na kwana da na kimiyya. Ko da gobe an sauya wa waɗannan jarrabawowi suna, ko an maye gurbinsu da makin aji, maganata tana nan daram, domin wanda ya saba sayen amsa a zauren jarrabawa ba zai ji nauyin sayen maki a ofishin hedimasta ba.

Abin da iyaye suke sha

Kafin in soki kowa, wajibi ne in yi adalci. Uban da ke zaune a Wagini ko Ruma ko Runka ko Zakka, ba daidai yake da uban da ke zaune a unguwar masu hali a birnin Katsina ba. Mutanen Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma abin da suka gani a shekarun nan sai dai a ce Allah ya kiyaye na gaba. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma a 'Yar Gamji, har jama'a suka ɗauko gawarwaki suka kawo su Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu na 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30. A watan Afrilu na 2020 aka kai hare-hare a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma, aka rasa rayuka 47. Mata da ƙananan yara suka baro ƙauyuka, wasu suka fake a azuzuwan firamare na cikin gari. Ajin da ya kamata a ji muryar malami a cikinsa, sai ya koma wurin shanya tsummokara da hura wutar tuwo.

A watan Satumba na 2021 kuma aka datse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana da Dutsin-ma, ba a maido da su ba sai a watan Disamba. A waɗannan watanni, duk wani abu da ya shafi intanet, ko da duba suna ne a jerin waɗanda aka ɗauka, sai mutum ya shiga mota zuwa Katsina, a kan hanyar da shi kansa bai da tabbacin dawowa.

Ka dubi uban da ya ratsa duk wannan, sannan ya sayar da akuya ko buhun gero ya biya kuɗin rajista, ya biya mai kwamfuta, ya biya kuɗin hoto, ya tanadi kuɗin mashin ranar jarrabawa. Ka dubi uwar da ta tashi tun asuba ta dama kunu, ta wanke wa yaro kayan makaranta da ragowar sabulun da take tattali, ta raka shi bakin ƙofa da addu'a. Waɗannan bayin Allah sun cancanci girmamawa. To a daidai wannan lokaci ne wani zai zo ya ce musu, “Kowane yaro zai kawo kaza, na masu zuwa ne daga sama, don a sassauta wa yaranmu.” Uba ya duba wahalar da ya sha, ya duba ɗansa da ya yi zango biyu ko uku ba ya zuwa aji, sai ya sa hannu a aljihu. Na fahimci abin da ya tura shi. Amma fahimtar dalilin aiki daban, halatta shi daban.

Sunansa a shari'a

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci ya tara shi tsibi, sai ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi. Mutumin ya kawo uzurin ruwan sama. Manzon Allah bai karɓi uzurin ba, ya tuhume shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya barrantar da kansa daga duk mai algush. Ku lura da kyau, ya 'yan uwa: ruwan saman gaskiya ne, ba mutumin ne ya saukar da shi ba, kuma ba a zarge shi a kan jiƙewar ba. Abin da aka zarge shi a kai shi ne ɓoyewa. Haka nan rashin tsaro gaskiya ne, ba iyaye ne suka kawo shi ba, kuma ba wanda zai zargi yaron da ya yi gudun hijira don bai iya karatu ba. Laifin yana farawa ne daga lokacin da aka lulluɓe wannan rashin iyawa da makin ƙarya.

Takardar sakamako shaida ce. Tana cewa: mu da muka sa hannu mun gwada wannan yaro, mun same shi ya san kaza. Idan malami ne ya tsaya gaban allo yana kiran amsa ɗaya bayan ɗaya, to takardar ta zama shaidar zur, kuma duk wanda ya biya, da wanda ya karɓa, da wanda ya kau da kai, suna da kaso a ciki. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakra cewa lokacin da Manzon Allah (SAW) yake lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe ne, da ya iso kan zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya huta. Kuɗin da ake ba mai sa ido kuwa, ko an kira shi na ruwa, ko na mai, ko na goro, rashawa ce, domin an bayar da shi ne don mai amana ya saki amanarsa. Ko a dokar ƙasa ma, tun 1999 akwai doka ta musamman a kan maguɗin jarrabawa wadda ta tanadi tara da ɗauri, kuma ba ta tsame malami ko shugaban makaranta ba.

Uzurorin da ake kawowa

Na farko, ana cewa kowa ma yi yake, idan ba mu yi ba 'ya'yanmu ne za su kwana a ciki. Yawan masu aikata saɓo bai taɓa mayar da shi halas ba. A kasuwanninmu akwai masu tauye mudu da yawa, amma ban taɓa jin wani malami ya hau mumbari ya ce tunda abin ya yawaita an ɗage hukuncin Suratul Muɗaffifina ba. Kuma ba gaskiya ba ne cewa kowa yake yi. Akwai hedimastocin da suka ƙi, akwai iyayen da suka ƙi, sai dai su ba a jin labarinsu, domin mai gaskiya ba ya buga ganga.

Na biyu, wanda ya fi ba ni takaici domin daga bakin wasu masu alaƙa da ilimin addini yake fitowa, shi ne wai jarrabawar boko ce, ba ta Alƙur'ani ba, don haka abin da sauƙi. Ina tambayar mai wannan magana: shin abincin da Manzon Allah ya cusa hannu a cikinsa, littafin fiƙihu ne? Hatsi ne na kasuwa, harkar duniya tsantsa. Musulunci bai raba gaskiya gida biyu ba, a ce ga ta masallaci ga ta makaranta. Tun 1986 ake gudanar da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Da za a kama wani uba yana raɗa wa ɗansa aya daga bayan alƙalai, da duk garin ya yi tir da shi, da shi kansa ya kasa ɗaga kai. To me ya sa wannan uban ba ya jin kunya idan lissafi ne? Sahabbai ba su raina irin wannan ilimi ba. Bayan yaƙin Badar, fursunan da bai da abin fansa an karɓi koyar da yara goma rubutu a matsayin fansarsa. Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa da umarnin Manzon Allah. A nan ƙasar Katsina aka yi Muhammadu bin Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Malamanmu sun sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wanda idan al'umma ta rasa mai yi duka ta yi laifi. Ta yaya za a sauke farilla da ƙarya?

Shi kansa gwaji ba baƙo ba ne a wurinmu. A farkon Suratun Nisa'i an umarci waliyyai su jarraba marayu kafin su miƙa musu dukiyarsu, don a tabbatar da hankalinsu ya kai. Malaman tarihi sun kawo cewa da Imam Bukhari ya shiga Bagadaza, malamanta sun cuɗanya masa hadisai 100, suka ɗora isnadin wannan a kan matanin wancan, ya mayar da kowanne mazauninsa. Da a ce wani ya raɗa masa amsa a ranar, da yau ba mu da dalilin amincewa da littafinsa. Dukan ilimin hadisi a kan tantance wanda ya sani daga wanda yake riya sani aka gina shi.

Na uku, kuma shi ne uzurin da ya fi ƙarfi: larura. Ana cewa yaranmu an zalunce su, an rufe musu makarantu, malamai sun gudu, ta yaya za a haɗa su gasa da 'ya'yan Legas da Abuja? Wannan zalunci ne ba shakka. Amma larurar da take halatta haram tana da sharuɗɗa a wurin malaman usulu: a ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, a rasa wata mafita ta halas, kuma kada a kawar da cutar da cutar da wani. Ko ɗaya daga cikin ukun bai cika a nan ba. Yaron da bai ci kwaman entirans ba bai halaka ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin shekara 9 na karatu kyauta, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, don haka ƙofar makarantar jeka-ka-dawo a buɗe take gare shi. Yana kuma iya maimaita aji shida ya sake gwadawa baɗi, kuma maimaita aji ba abin kunya ba ne ga wanda 'yan bindiga suka cinye masa shekara.

Sharaɗi na uku shi ne inda ya kamata kowa ya tsaya ya yi tunani. A tsarin da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sha bayyanawa, kashi 60 cikin ɗari na gurabe na cancanta ne, kashi 30 ana raba su daidai tsakanin jihohi, kashi 10 kuma na buƙatu na musamman. Wannan yana nufin gurbin da ka saya wa ɗanka, galibi ba daga hannun ɗan Legas ka ƙwace shi ba. Ka ƙwace shi ne daga hannun wani ɗan Katsina, wataƙila maraya ne wanda aka kashe ubansa a gona, uwarsa ba ta da kuɗin “taimako”, ya zauna ya rubuta da kansa, ya sami makinsa na gaskiya, naka na ƙarya ya danne shi. Wannan shi ne jin ƙan da ake faɗa?

Maki 60 da maki 139

A 2013 aka fitar da mafi ƙarancin makin shiga kwalejojin haɗin kai, jiha jiha, a kan maki 200. An nemi ɗan Anambara ya kawo 139, ɗan Imo 138. Ɗan Kano 67, ɗan Katsina 60. Yaro namiji daga Zamfara maki 4, mace maki 2. Namiji daga Yobe maki 2. Jaridun kudu suka yi ta yi mana dariya, lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 babbar kotun tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa bambanta makin ya saɓa wa tsarin mulki. A 2018 kuma ma'aikatar ilimi ta koka cewa ana dab da jarrabawa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, 50 daga Kebbi, alhali Legas ta haura 24,000.

Ni ba na cikin masu cewa raba gurabe tsakanin jihohi laifi ne. An fara waɗannan kwalejoji ne a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, aka yawaita su bayan yaƙin basasa, da nufin yaran ƙasa su tashi tare su san juna, kuma ba za a cimma wannan ba idan yanki guda ya cike su. Amma wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yaron da ya rufe ido ya yi ta canki-canka zai wuce maki 2 ko 4. Maki 60 cikin 200 kashi 30 ne cikin ɗari, wato faɗuwa a kowane aji. Wannan rangwame sanda ce da aka ba gurgu, ba rawani ba ne. Abin mamakin shi ne an sauko mana da katanga har ƙasa haka, amma duk da haka wasu sai sun nemi tsani na sata. Ƙasar da aka buɗe Kwalejin Katsina a cikinta tun 1922, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani, bai kamata ta gamsu da wannan matsayi ba.

Wanda ake yi wa shaida

Akwai wata ɓarna da masu “taimako” ba sa hangowa. Idan makarantar da ta yi wata shida a rufe, mai malami biyu a kan azuzuwa shida, ta fitar da sakamako cewa duk ɗalibanta sun ci, me kake tsammani za a rubuta a rahoton da zai tafi Katsina da Abuja? Za a rubuta cewa komai lafiya. Da hannunmu mun goge hujjar da za mu kai ƙara da ita. Sakamako na gaskiya, ko da mummuna ne, kuka ne da yake isa kunnen hukuma. Sakamakon ƙarya kuwa wanke wanda ya yi sakaci ne. Jama'ar da suka ɗauki gawa suka kai ta birni don a gani, bai dace su ɓoye mutuwar makarantunsu ba.

Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka karanta wa amsa a aji shida zai shiga sakandare bai iya haɗa jimla ba, sai a sake saya masa ta aji uku, a sake saya masa ta kammalawa, ya shiga kwalejin horon malamai ya fito da takarda, a ɗauke shi aiki, a turo shi ƙauyen da ya fito ya koyar da ƙannensa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta gardama a kan yadda aka yi gwajin da kuma korar da ta biyo baya, amma ba wanda ya yi musun cewa akwai malaman da ba su iya abin da suke koyarwa ba. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, wani ne ya “taimake” su tun suna yara. Gobe irinsu ne za su riƙe allura a asibitin garinku, su auna maganin da za a ba mahaifiyarka.

Mafi muni duka shi ne darasin da yaro ya ɗauka. Shekara shida muna koya masa a Islamiyya cewa Allah yana ganinsa a ko'ina, cewa mumini ba ya ƙarya. A safiya guda ya ga ubansa ya biya, malaminsa ya karanto, babban baƙo ya fita shan iska. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 ba wawa ba ne. Zai gane cewa gaskiya abin haddacewa ce, ba abin aikatawa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Idan ya girma ya riƙe baitulmali ya wawure, kada a tambayi inda ya koya.

Rabon hukuma

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma bangon nan hukuma ce ta bar shi ya tsage. Uba yana iya yin komai daidai, ɗansa ya ci da guminsa, sannan ya rasa natsuwar tura shi makarantar kwana. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Yuni na 2021 aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu daga 'yan matan ba su dawo gida ba sai 2023. A watan Nuwamba na 2025, bayan abin da ya faru a Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja, gwamnatin tarayya ta rufe kwalejojinta fiye da 40 na wani lokaci, har da na Daura da Bakori da Dayi. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta kwana a makaranta ba, ban ga laifinsa ba, domin kare rai yana gaba a manufofin shari'a. Abin da nake roƙonsa kawai shi ne kada tsoron makarantar kwana ya zama dalilin cire ta daga karatu gaba ɗaya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka a Nurul Albab ga masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta nuna a aikace cewa ana iya kai ilimi har ƙauye.

Haka nan rashin tsayawa a kan manufa guda yana wahalar da yara. A 2022 aka ce a koyar da firamare da harshen uwa, a 2025 aka janye aka ce a koma Turanci. Yaron ƙauye yana tsakiya, bai ƙware a karatun Hausa ba, bai kama Turanci ba, ga takardar jarrabawa da Turanci. Haƙƙinmu ne mu tambayi shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu: malamai nawa ne a kowace makaranta, nawa ne suke zuwa, azuzuwa nawa aka gyara tun bayan sulhun da aka ƙulla a yankin a 2025? Shugaba makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa, kamar yadda za a tambayi uba a kan gidansa. Amma ba za mu iya yin wannan tambaya da ƙarfin zuciya ba alhali hannunmu yana cikin ƙwaryar.

Aikinku, ya matasa

Kai da kake karanta wannan a wayarka, kana da abin da yawancin iyayenmu ba su da shi, wato ka iya karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada a jira saura mako biyu. Yau da dare ka kira ƙanenka ko ƙanwarka da ke aji biyar ko shida, ka ba shi layi biyar na Hausa ya karanta, ka ba shi lissafin ɗebewa mai aro guda uku. Abin da za ka gani zai iya tayar maka da hankali, amma gara ka gani yau. Da yawa kallon kitse muke yi wa rogo, muna ganin yaro da jaka da kayan makaranta muna zaton karatu yake.

Idan ka ga rauni, ka fara daga inda yake, ba daga inda ajinsa yake ba. Yaron da ya iya karanta Hausa da kyau ya fi saurin kama Turanci. Ku haɗu ku uku ko huɗu a unguwa, ku nemi izinin shugaban Islamiyyarku ya ba ku aji ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu, ku tara 'yan aji shida. Ku samo tambayoyin shekarun baya, ku koya musu yadda ake cike gurbin amsa da yadda ake kula da lokaci, domin akwai yaran da suka san amsa amma takardar ce ba su taɓa gani ba. Ku fifita marayu da 'yan gudun hijira. Kuɗin da za a tara don mai sa ido, a tara shi a sayi alli da fensir da littafi, a ba mai koyarwa ɗan abin sabulu. Wannan shi ne taimakon juna a kan alheri da Suratul Ma'ida ta yi umarni da shi, ɗayan kuwa shi ne wanda ta hana a ayar guda.

Idan aka zo gidanku karɓar kuɗin “taimako”, ka zauna da mahaifinka cikin ladabi, ka ce, “Baba, a bar mini shi wata uku, in bai ci ba ya maimaita, amma kada mu ci haƙƙin wani.” Kada ka ɗaga masa murya, kada ka kunyata shi a gaban mutane. Limamanmu kuma ina roƙonsu su ware huɗuba guda kafin lokacin jarrabawa, su kira abin da sunansa. Malaman makaranta da suka tsaya a kan gaskiya, a san su, a girmama su, a kare su idan aka taso musu.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, ya zaunar da Batsari da Safana da sauran ƙasarmu lafiya. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare mu daga ciyar da su haram da hannunmu. Wanda ya ga kuskure a hujjojina ƙofa a buɗe take.